Jinya bayan tiyatar cutar daji: daga ranar aiki zuwa mako na takwas

Masu karatu sun sha turo tambaya iri ɗaya: an yi aiki, an cire ƙarin, likita ya ce an yi nasara, to daga nan sai me? Wannan jagora ta babban aiki ce, irin wanda ake buɗe ciki ko ƙirji, ko a cire mama, mahaifa, wani yanki na hanji ko na tumbi. Duk inda likitan da ya yi maka aikin ya faɗi abin da ya saɓa da na nan, nasa za ka bi, domin shi ya ga cikinka.

Jinyar mai cutar daji tana da wa'adi. Sau da yawa akwai magani na biyu da ke jira, kemo (maganin kashe ƙwayoyin daji da ake ɗurawa ko sha) ko gashi (ƙona su da hasken na'ura), kuma akan so a fara shi cikin mako 4 zuwa 8 bayan tiyata. Mikin da ya ƙi warkewa da ramar da ta yi yawa su ne suka fi jinkirta shi. Ga shi kuma jikin ya shiga ɗakin tiyata a gajiye, jini ya yi ƙasa, nama ya zube, wanda aka riga aka yi wa kemo ko gashi kuwa fatarsa ba ta saurin haɗewa. Saboda haka kwanciya kawai ba ta isa jinya ba.

1. Tanadi kafin ranar aiki

A tanadi ma'aunin zafin jiki, ƙaramin matashi mai ɗan tauri, littafi da biro, bandeji da filasta, safar hannu, riguna masu faɗi da ake buɗewa ta gaba, da takalmi marar santsi. Idan an ce za a koma gida da bututu a jiki, a ƙara kofi mai layin mililita. A tsayar da mutum ɗaya da zai zauna da majinyaci dare da rana a makon farko, kuma shi ɗin ne zai saurari bayanin nas, ba yau wannan gobe wancan ba.

Kuɗin tiyata kaɗai mutane suke haɗawa, sai bayan sallama su ga kashe kuɗin bai ƙare ba. A tambayi asibiti tun da wuri, a rubuta: gwajin naman da za a cire, allurar hana gudan jini ta kusan wata guda, kayan wankin miki, jakunkunan bayan gida ga wanda za a fitar wa da hanji, zirga-zirgar komawa asibiti, da maganin da zai biyo baya.

Gargaɗi: a faɗa wa likita duk abin da ake sha, musamman aspirin, warfarin, clopidogrel, maganin suga, da haɗe-haɗen ganye ko saiwa, domin wasunsu suna hana jini tsayawa. Kada ka daina kowanne da kanka. Mai shan taba ya daina yanzu, mako 4 kafin aiki ma yana rage matsalar miki da ta huhu.

2. Awa 24 na farko: numfashi da tashi

Maganin sa barci da ciwon yanka suna sa mutum ya riƙa numfashi sama-sama. Ƙasan huhu sai ya manne, majina ta taru, nimoniya ta samu gurbi. Maganinsa ba ya cin ko sisi. Ja numfashi ta hanci a hankali har ƙirji ya cika, riƙe daƙiƙa 3, sannan ka fitar ta baki. Sau 10 a kowace awa muddin kana farke. Idan an ba ka 'yar robar nan mai ƙwallo a ciki, ja iska ake yi, ba hurawa ba, mutane da yawa suna juya abin. Bayan haka ka danne mikin da matashi da hannu biyu ka yi tari. Ɗinki ba zai ɓalle don tari ba.

Tashi daga gado yana da tsari. Lanƙwasa gwiwoyi, juya gefe gaba ɗaya kafaɗa da ƙugu tare, sauke ƙafafu, sannan ka tura jikinka sama da gwiwar hannu. Zauna a bakin gado minti biyu kafin ka miƙe. A yawancin ayyuka ana so mutum ya zauna a kujera, ya ɗan taka, a ranar aikin ko washegari. Tafiyar ce take tayar da hanji daga barci, kuma tusa ta farko albishir ce, a faɗa wa nas ba kunya.

Gargaɗi: tashin farko a yi shi da nas a gefe. Jiri yana kayar da mutum da bututunsa duka.

3. Maganin ciwo

Jarumta a nan asara ce. Wanda ciwo ya riƙe ba ya numfashi mai zurfi, ba ya tari, ba ya tafiya. A kwanakin farko a sha maganin a kan agogo kamar yadda aka rubuta, kada a jira ciwo ya taso, kuma a daidaita shi ya zamana an sha kamar rabin awa kafin tafiya ko wankin miki.

Farasitamol shi ne tushe. Babba ba ya wuce giram 4 a awa 24, wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba ko mai matsalar hanta kuwa ƙasa da haka likita zai yanka masa. A duba kwalin maganin mura, da yawansu akwai farasitamol a ciki. Kuma a auna zafin jiki kafin a sha, don yana ɓoye zazzaɓi.

Masu ƙarfi irin su mofin da taramadol suna taurara bayan gida, kusan ga kowa. Idan likita ya amince, a fara maganin laushin bayan gida ranar da aka fara su, ba sai an kwana huɗu ana yunƙuri a kan sabon ɗinki ba. Su ake fara ragewa idan ciwo ya lafa, farasitamol ya zama na ƙarshen bari.

Gargaɗi: kada a sha ibuprofen ko diclofenac sai da izinin likitan tiyata. Suna iya taɓa ƙoda, su jawo zubar jini, kuma wasu likitoci ba sa ba da su idan an haɗa hanji da hanji.

4. Ranar sallama

Murnar tafiya gida tana sa a manta tambaya. Kada a fita sai an rubuta amsar waɗannan: sunan aikin da aka yi da abin da aka cire, kowane magani da ranar daina shi, magungunan da ake sha tun da can wanne za a ci gaba da shi, ranar cire zare ko ƙarafan ɗinki, ranar karɓar sakamakon gwaji, da lambar da za a kira ko da tsakar dare ne. Duk abin da za a riƙa yi a gida, allura ce, zubar da ruwan bututu ne, canza jaka ne, mai jinya ya yi shi da hannunsa a gaban nas aƙalla sau ɗaya. Kallo daban, yi daban.

5. Gudan jini

Cutar daji da kanta tana sa jini saurin daskarewa, tiyata ta ƙara, kwanciya ta ƙara. Shi ya sa bayan babban aikin daji a ciki ko mara akan ci gaba da allurar hana gudan jini, irin su enoxaparin, har zuwa kwana 28. Ana yin ta ƙarƙashin fata sau ɗaya a rana a lokaci guda, nesa da miki, ana sauya wuri, kuma ba a murza wurin bayan an zare allurar. Kuskuren da aka fi yi shi ne daina ta da zarar mutum ya ji sauƙi, alhali haɗarin bai wuce ba. Ko a kwance kake, riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa, kada kuma ka daɗe da harɗe ƙafafu.

Gargaɗi: sharaɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi ko ciwo, a je asibiti a ranar, kuma kada a yi mata tausa. Numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko ciwon ƙirji, ko tari da jini, wannan na gaggawa ne, gudan ya kai huhu ke nan har sai an tabbatar ba haka ba.

6. Miki da bututu

Awa 48 na farko a bar bandeji a bushe. Bayan nan yawancin likitoci suna barin wanka, ruwa ya bi ta kan mikin ba tare da cuɗawa ba, a tsane shi da tawul mai tsabta ta hanyar dannawa a hankali. Ba a jiƙa shi cikin ruwa sai ya haɗe sarai. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa da bayan an taɓa. Kada a shafa komai da ba a rubuta ba, ko mai, ko hoda, ko garin magani. Zare ko ƙarafa akan cire su tsakanin kwana 7 zuwa 14, wani zaren kuma narkewa yake yi da kansa. Wanda aka taɓa yi wa gashi a wurin, ko mai ciwon suga, akan ƙara masa kwanaki.

Duba mikin sau ɗaya kullum a cikin haske. Hoton waya na kowace safiya yana taimakawa, domin ido ba ya lura da canjin da ke tafiya sannu a hankali. Ɗan ja siriri a bakin ɗinki, ƙaiƙayi, da rashin jin taɓi a fatar da ke kewaye ba abin damuwa ba ne. Ruɓa ta fi bayyana daga kwana na 5 zuwa na 10, wato bayan an dawo gida: jan yana faɗaɗa, wurin ya yi zafi ya kumbura, ciwon da ya lafa ya dawo, mugunya ko wari. Mai ciwon suga ya tsananta awo a wannan lokaci, sugan da ya hau yana hana miki rufewa.

Bututun da ke janyo ruwa daga wurin aiki, a zubar da abin da ya tara a lokaci guda kullum, a auna, a rubuta mililita da launi. Yakan fara ja, ya koma ruwan hoda, ya ƙare rawaya-rawaya. Mai kwalbar matsawa sai an matse ta kafin a toshe, in ba haka ba ba ta tsotso. A maƙale shi a riga da fil don kada ya fizge. Bayan aikin mama akan cire shi idan ruwan ya sauko kamar mililita 30 a awa 24, wasu likitocin 50.

Gargaɗi: a koma asibiti ba jira idan zafin jiki ya kai digiri 38, ko jini ja ya cika bututu da sauri, ko ruwan ya koma kore ko kamar bayan gida. Idan miki ya buɗe, a rufe shi da bandeji mai tsabta da aka jiƙa da ruwan gishiri na asibiti, kada a tura komai ciki, kada a ci kada a sha, a tafi.

7. Abinci

Nan ne ake yin sakaci mafi tsada. Miki da furotin, wato sinadarin gina jiki, yake rufewa, kuma mai cutar daji bayan tiyata yana buƙatar kamar giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 60 ke nan giram 72 zuwa 90. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6, kofin madara giram 8, giram 100 na dafaffen kifi ko nama giram 20 zuwa 25, kofin dafaffen wake kusan 15. Yi lissafin za ka ga ruwa-ruwan da ake ɗura wa marar lafiya bai kai ko rabi ba. Maganar cewa ƙwai ko madara suna sa miki mugunya ba ta da tushe.

Sha'awar abinci ba za ta dawo da wuri ba, don haka kada a jira yunwa. A ci kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a rana, a fara da ɓangaren furotin kafin ciki ya cika. Ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu, sai dai in akwai ciwon zuciya ko na ƙoda da aka taƙaita wa. A hau sikeli sau ɗaya a mako. Idan nauyi yana ta sauka, a nemi masanin abinci na asibiti, akwai madarar ƙarin ƙarfi da ake rubutawa. Mai matsalar ƙoda ya tambaya kafin ya ƙara furotin.

Gargaɗi: amai a kai a kai, ciki ya kumbura, ba tusa ba bayan gida, alamar hanji ya tsaya ne. Ciwon ciki mai ƙaruwa tare da zazzaɓi da bugun zuciya sama da 100 a zaune, musamman a mako na farko bayan an haɗa hanji, yana iya zama ɗinkin ciki ne ke yoyo. Duka biyun ba a kwana da su a gida.

8. Tafiya da ɗaukar kaya

Fara da minti 5 zuwa 10, sau uku ko huɗu a rana, ka ƙara kaɗan kullum. Ma'auni mai sauƙi: in kana iya magana kana tafiya, daidai ne. In washegari ka kasa tashi, ka zarce, koma baya taki ɗaya. Hawa matakala a hankali ba laifi.

Bayan buɗe ciki, kada a ɗauki abin da ya wuce kilo 4 zuwa 5 har mako 6. Jariri mai wata shida ya wuce haka, bokitin ruwa ma. Fata tana rufewa cikin mako biyu, amma bangon cikin da ke ƙarƙashinta yana ɗaukar watanni kafin ya yi ƙwari, kuma wanda fatar ta ruɗa shi ne ke ƙarewa da ƙaba a wurin ɗinki. Tuƙi sai an daina maganin ciwo mai sa barci, kuma ana iya taka birki da ƙarfi ba ɗar.

9. Abin da ya keɓanta ga kowane aiki

Mama. Fara motsa hannu tun washegari: damƙe yatsu da saki, lanƙwasa gwiwar hannu, juya kafaɗa. A makon farko yawanci ba a ɗaga hannu sama da kafaɗa, daga nan sai a fara hawa bango da yatsu. Kada ki yi wasa da wannan, don wurin gashi sai kin iya ɗaga hannu sama da kai kin riƙe. Ruwa yakan taru ƙarƙashin fata bayan cire bututu, in ya matsa ana zuƙe shi da allura a asibiti. Idan an cire kaluluwar hammata, hannun yana iya kumbura bayan watanni ko shekaru. Ki kiyaye shi daga yanka da ƙuna, ki shafa mai, kuma da zarar zobe ko hannun riga ya fara matsewa ki faɗa, a farkonsa ya fi jin magani.

Jakar bayan gida. Bakin hanjin da aka fitar ja ne mai danshi kamar cikin baki, kuma ɗan jini wajen gogewa ba komai. Ya yi duhu, shuɗi ko baƙi, gaggawa ce. A zubar da jaka idan ta kai kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Bakin yana raguwa cikin mako 6 zuwa 8, don haka a riƙa auna shi ana yanka ramin da ƙarin milimita 2 zuwa 3 kawai. Ramin da ya yi faɗi shi ke sa bayan gida ya ci fata. Wanda aka fitar wa da ƙaramin hanji yana asarar ruwa da gishiri sosai. Idan abin da ke fita ya kai lita ɗaya da rabi a rana, ko fitsari ya ragu, a kira asibiti, kuma ruwan gishiri da suga ya fi ruwa zalla amfani a nan.

Tumbi. Loma kaɗan sau 6 zuwa 8, a raba ci da sha da kamar rabin awa, a rage zaƙi, don yana kawo jiri, gumi da gudawa bayan cin abinci. Wanda aka cire wa tumbi duka zai riƙa karɓar bitamin B12 har ƙarshen rayuwa.

Mahaifa. Ba saduwa, ba sa komai a gaba, aƙalla mako 6 kuma sai likita ya duba. Cire mahaifa yana tsayar da al'ada. Idan an haɗa da ƙwayayen haihuwa da ke gefenta aka cire, jin zafi yana taso wa jiki farat ɗaya da gumin dare suna iya farawa cikin kwanaki.

Maƙogwaro. Bayan cire tayirod, wato wata halitta da ke gaban wuya, jin kamar tafiyar kiyashi a leɓe da yatsu alamar sinadarin kalsiyam na jini ya sauka ne, a kira asibiti a ranar. Wuya ya kumbura da sauri kuwa, gaggawa ce.

10. Sakamakon gwaji da magani na gaba

Naman da aka cire yana zuwa ɗakin gwaji, sakamako yakan fito cikin mako ɗaya zuwa biyu, wani wurin ya fi haka. Wannan takarda ita ce ke yanke abin da zai biyo baya, kuma mutum ya ji garau ba dalili ba ne na barin ta a asibiti. Aikin kemo bayan tiyata shi ne bin ƙwayoyin da ido da hoto ba sa gani, shi ya sa ake yin sa ga wanda yake jin ya warke.

A je da mutum biyu, ɗaya yana rubutu. A tambaya: wane irin daji ne kuma mataki na nawa, gefen naman da aka yanko ya fita tsaf ko akwai saura, kaluluwa nawa aka cire kuma nawa ke da cutar, wane magani ne na gaba kuma yaushe. A karɓi kwafin takardar a adana. Idan mako uku ya wuce ba a haɗa ka da likitan daji ba, kai za ka bi sawu, kada ka zauna jiran kira.

Gargaɗi: da zarar an fara kemo, zafin jiki digiri 38 ya zama abin tafiya asibiti nan take ko da ƙarfe nawa ne, domin ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta suna iya yin ƙasa ƙwarai.

11. Gajiya da zuciya

Gajiyar tana daɗewa fiye da ciwon, mako shida zuwa watanni, kuma barci ba ya kore ta. Tafiyar nan ta kullum ta fi komai rage ta. Barcin rana kada ya wuce rabin awa zuwa awa ɗaya. Masu zuwa dubiya a taƙaita musu lokaci, mai mura ya gaishe ta waya. Idan gajiyar ta zo da haki da bugun zuciya, a duba jini, ƙila ya yi ƙasa.

Kuka ba dalili, tsoron cutar ta dawo, ƙin kallon wurin da aka yanke, duk suna faruwa, sau da yawa ma sai bayan hidima ta lafa an watse. Amma idan baƙin ciki ya wuce mako biyu a jere, mutum ya daina ci, ya daina magana, ko ya fara cewa gara ya mutu, mai jinya ya faɗa wa likita kai tsaye kamar yadda zai faɗi zazzaɓi. Akwai magani da masu ba da shawara, kuma an fi so a fara kafin ranar kemo ta farko.